Rumbun da ke Kuncin Nomau

'Yan sitaj ɗin da aka turo mana koyon aiki bana sun iske ni ina wanke dabiye, wato ƙarfen da muke kama haƙori da shi. Ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, a gabana, wai wannan sashen hutu ne: kama, murɗa, fizge, a ba mutum auduga ya ciza, a kira na gaba. Ni ba lokotoro ba ne. Mataimaki ne a wani ɗakin haƙori a nan Dakoro, sunana Lawali, karatuna kuma bai yi nisa ba. Magana a tsaye ba ta zo mini da kyau kwanakin nan, shi ya sa na ce bari in rubuta musu.

Aikina na fari riƙon kai ne. Majo Ibro, tsohon anfirme, wato ma'aikacin jinya, da ya koya mini sana'a, yana da kujerar da majinginar kanta ta karye tun kafin zuwana, don haka ni na zama majingina. In tsaya bayan mutum, in manna ƙeyarsa a ƙirjina, hannu ɗaya a goshi, ɗaya a haɓa. A nan na san mutanen ƙasar nan. Makiyayin da ya gangaro daga Tagriss ba zai ce uffan ba, amma za ka ji wuyansa ya zama itace. Manomin garin Mai Yara ba ya zuwa sai an gama girbi, kumatu a kumbure kamar ya ɓoye goriba, kuma ya rantse jiya-jiya abin ya fara. Mai kanti kuwa tun yana bakin ƙofa yake salati. Na daɗe ina riƙon kai kafin Majo ya yarda in taɓa ƙarfe, shi ma don in wanke in dafa a kokot, tukunyar dafa ƙarafa.

Wata rana da babu kowa, Majo ya zaunar da ni a kujerar, ya ƙwanƙwasa mini kunci da yatsa, a ƙasan ido, gefen hanci.

"Mi ke nan ciki?"

Na ce ƙashi.

"Iska," in ji shi. "Kowane ɗan Adam yana yawo da rumbu biyu a fuska, dama da hagu, babu ko zangarniya ɗaya a ciki."

A takardun lokotoro sinis ake ce masa, amma ni rumbun Majo ya zauna mini. Kogo ne a cikin ƙashin kunci, an shafe shi da wata fata marar kauri. Ƙofarsa a can sama take, kamar ta rufewar laka, tana buɗewa cikin hanci. Daɓensa kuwa a bisa turamen haƙori na sama yake. Wani daɓensa mai kauri ne. Wani bai fi ɓawon ƙwai ba, saiwoyin haƙori sun turo shi kamar yadda saiwar gawo ke ɗaga ƙasan ɗaki. Daga waje ba za ka san wane ne wane ba. Ƙaton mutum yana iya zama mai ɓawon ƙwai. In ka fizgi irin wannan haƙori da ƙarfi, ka buɗe hanya tsakanin baki da hanci, hanyar da Allah bai buɗe ba.

Na ji wannan karatu na haddace, amma ban gan shi da idona ba sai a kan Nomau.

Nomau, Allah ya jiƙansa, ɗan gwaggona ne, taubashina. A al'ada ni ɗan namiji ni ne ubangida, shi ne bawa. Bai taɓa yarda da wannan hukunci ba. Tun muna yara "kai bawa" yake kirana, ni ma haka nake kiransa, har aka rasa mai 'yanci a tsakaninmu. Mahauci ne ɗan mahauci. Ku da kuke sayen nama a bisa tebur ba ku san yadda fata ke rabuwa da dabba ba. Bayan an yanka, mahauci yana tsaga ɗan wuri a ƙafar baya, ya zura siririyar sanda ƙarƙashin fata ya buɗe hanya, sannan ya sa baki ya hura. Yana hurawa yana matse wurin da yatsa in zai ja numfashi, yana bugun jikin dabbar don iska ta bi ko'ina. In ta kumbura ta miƙe ƙafafu, fata ta saki nama, wuƙa ta bi ba tare da ta huda ba.

A wannan aiki babu kamar Nomau a mayankar garin nan. Huhun Raƙumi ake ce masa. Samarin mahauta sun koma hura dabba da famfon keke, shi kuwa masu faci yake kiransu.

"Rago ba taya ba ne," haka yake cewa. "Ranar da anka gan ni da famfo, a karɓe wuƙata a ba mata su yanka kuɓewa."

Da sallar layya manyan gidaje shi suke jira. Rabi don fatar ta fita lafiya, rabi don kallo.

Shekarar da abin ya faru ita ce mafi muni da na gani a ɗakin nan. Majo ya riga ya yi ritaya, Lokotoro Ramatu ke riƙe da mu. Sabuwar kujerarmu mai hawa da sauka ta hau sama ta ƙi saukowa, sai da muka ajiye turmi a kife mutane suna takawa su hau. Wuta ta yi ta ɗaukewa, na koma dafa ƙarafa a kan gawayi. Sannan allurar kashe zafi ta ƙare, kayan da muke jira suka yi ta jinkiri. Wanda zai iya jira mu ba shi ƙwaya ya jira. Wanda ba zai iya ba ya tafi wurin masu cire haƙori na kasuwa, daga baya ya dawo mana da abin da ya rage.

A cikin wannan hali Nomau ya zo da ciwon turmin haƙori na sama na hagu. Lokotoro ta duba ta ce haƙorin ya mutu, sai cirewa, amma ya haƙura allura ta iso. Na raka shi bakin ƙofa.

"Kai bawa, mi ne ne wahalar a nan? Ni kullum kawuna nike fasawa. Na san haƙori ciki da waje."

"Na tumaki ka sani."

"To mi ya raba? Su ma Allah ya yi su."

"Tunkiya ko haƙoran gaba na sama ba ta da su."

"Shi ya sa ba ta zuwa wurinku," ya ce, ya tafi.

Ban san ya wuce wurin Ɗan Tani ba, abokin sana'arsa, mai hannu kamar taɓarya. A bayan mayanka suka yi aikin da awartakin maƙeri. Babu wanda ya gaya mini. Shayi ne ya tona asiri.

Muna fada, wurin hirarmu, bayan la'asar, an miƙa masa kofin fari. Ya kurɓa da ƙara yadda ya saba. Sai ga shayi yana ɗigowa ta hancinsa na hagu, ɗis, ɗis, a kan rigarsa. Ya goge ya ce mura ce. Mai dafa shayin ya ce shi dai bai taɓa ganin mura da na'ana'a ba. Aka yi ta dariya har wani ya ce a tara kofi a ƙasa kada a yi asara. Nomau ma ya yi dariya. Ni ban yi ba, don na tuna rumbun Majo.

Da safe na je har gida na tasa shi gaba. Ya taka turmi ya hau kujera. Lokotoro ta sa ɗan madubi ta leƙa, ta ɗauki ƙarfe ta zaro wani farin abu daga gurbin haƙorin.

"Baba Nomau, mene ne wannan?"

"Kitse ne, Lokotoro. Na ƙoda. Shi ya fi daskarewa."

"Kitse."

"Kullum da safe nike toshewa. Na gwada ƙaro, shina manne mini harshe. Na gwada taunannen goro, ba shi zama. Kitse ne ke riƙewa. Da shi nikan hura rabin akuya."

"Sauran rabin fa?"

"Sai in ji fat, ya wuce sama. Daga nan ko na hura, hancina ne ke fito, akuya na kwance na kallona."

Lokotoro ta ajiye madubi, ta fita waje, ta ɗan tsaya tana kallon bishiyar dogon yaro, sannan ta dawo. Ta tambayi inda haƙorin yake. Ya zaro shi daga aljihu a ƙulle cikin leda. Turmin sama saiwa uku gare shi. Nasa biyu ne da guntu.

Da wuta ta dawo muka ɗauki hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo. Abin da ya fito hazo ne. Radiyo irin namu inuwa ce a shimfiɗe, gaba da baya duk sun hau kan juna. Kamar a haska gida da fitila a ga inuwarsa a bango: za ka ga alamar kyanwa a ciki, amma ba za ka san ɗakin da take ba. Lokotoro ta ce ba za ta zura ƙarfe cikin kogon mutum da lalube ba, ƙasan ido ne rufinsa. Sai dai a je Maradi a yi sikaner, hoton da ke nuna tsawo da faɗi da zurfi.

Nomau ya sauko daga kujera, ya tsaya a kan turmin bai ƙarasa ƙasa ba. Layya ta kusa. Ya ce da ni a hankali, ba da muryar wasa ba, "In iskar nan ba ta dawo ba, mi na zama?"

Na ce masa bawa dai, yadda yake tun farko. Na nemi izini na raka shi.

A asibitin da muka je, mai aikin sikaner wani dogon saurayi ne mai haƙuri. Ya ce a cire duk wani ƙarfe. Nomau ya cire zobe da agogo. Saurayin ya ce akwai saura? Ya zaro wuƙa daga ƙugu. Akwai saura? Ya zaro wata daga damtse. Ya ɗan yi tunani, ya cire hula, ya fito da ƙarfen wasa wuƙa daga cikinta. Duk ni aka tara wa a hannu, na tsaya a barandar asibiti kamar wanda jandarma ke nema.

Injin kansa ƙaton zobe ne fari, kamar bakin rijiya da aka tsayar, da gado siriri da ke shiga ciki. Ta gilashi nake kallo. Aka ce ya kwanta. Ya duba gadon, ya duba bango.

"Yaro, ina gabas?"

"Don me, Baba?"

"Ni ban taɓa kwantar da ko bunsuru ba tare da na fuskantar da shi alƙibla ba. Ba za a fara da ni ba."

Saurayin ya rantse masa babu yanka a ɗakin. Ya kwanta yana gunaguni, aka ɗaure masa goshi, aka ce kada ya motsa, kada ya haɗiye yawu. Gado ya shige da shi, injin ya yi gurnani, ya fito da shi. Ya tashi zaune yana shafa wuya ya ce, "Shi ke nan? Ko ɗan ƙauri ban ji ba."

Aka kira mu wurin lokotoron tiyata, wanda zai yi aikin. Ya juyo mana da allon ordinater, wato kwamfuta. Ga kan Nomau a ciki, babu fata, babu nama, babu ido, ƙashi zalla, yana juyawa a hankali duk inda lokotoron ya tura shi. Na gane shi da giɓin haƙorinsa na gaba. Na ga ƙoƙon kan ɗan'uwana tun yana zaune kusa da ni yana numfashi. Ban so kallon ba a ranar, yanzu ma ba zan tsaya a kansa ba.

Shi kuwa ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa allo.

"Wa ya yi wanga fiɗa?"

"Injin ne, Baba."

"Hannu gare shi. Bai bar ko tsoka ba." Ya karkata kai. "Amma wanga kai ba shi yin romo. Kai bawa, naka ne ko nawa?"

Lokotoron ya fara yanka hoton yanka-yanka, daga goshi zuwa ƙeya, kamar burodi, kowane yanki yana fitowa shi kaɗai. A irin wannan hoto ƙashi fari ne, iska baƙa. Rumbun dama ya fito baƙi wuluk, tsaf, kamar wanda aka share. Na hagu toka-toka ne har sama. Fatar cikinsa ta kumbura, mugunya ta taru, ƙofar da ke buɗewa cikin hanci ta toshe. A daɓensa ga rami nan, fili, inda haƙori ya fita. Sai da na ga wannan na san cewa abin da Majo ya ƙwanƙwasa mini da yatsa ɗaki ne na gaske, mai kusurwoyi.

Nomau ya buga cinya. "Ai na san wanga kogo! In ka datse kan tunkiya shina nan. Nan tsutsa ke zama, ƙatuwa, fara." Ya juyo ga lokotoron. "Lokotoro, duba da kyau. Akwai ta a nawa?"

"Babu tsutsa. Ga abin da ke akwai."

Ya juya hoton ta gefe. Ashe a rumbun Nomau akwai wata 'yar katanga ta ƙashi da ta taso daga daɓe ta raba ƙasan biyu. Ba kowa ke da ita ba. A bayanta guntun saiwar ya faɗa ya kwanta, ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa. Wanda ya shiga ta ramin haƙorin yana lalube, katangar zai yi ta tunkuɗa. Lokotoron ya auna kaurin daɓen a kan allo, ya auna tazarar saiwar da ƙasan ido, ya nuna inda zai buɗe.

Ku 'yan sitaj, wannan nake so ku ji. Haƙorin sama na baya ba a fizgarsa, lallaɓa shi ake yi. In ya fito, a duba saiwoyinsa kafin a jefar. In ɗaya ta karye ta ɓace, kada a bi ta da ƙarfe a makance, turawa ciki za a yi. A tura mutum inda za a ga cikin kansa. Ba kunya ba ce.

Lokotoron ya ci gaba da bayani. Zai ciro saiwar, ya wanke kogon, da duk abin da aka yi ta aika masa daga ƙasa. Ramin kuma ya daɗe a buɗe, bakinsa ya bushe, ba zai haɗe da kansa ba, ɗinki kawai ba zai riƙe ba.

"Akwai wani ɗan curin kitse a cikin kuncin kowa," in ji shi, "ko ramamme yana da shi. Zan jawo naka ta cikin baki, in shimfiɗa a kan ramin, in ɗinke. A hankali zai zama nama."

Nomau ya juyo gare ni sannu-sannu, kamar yadda kansa ke juyawa a allo.

"Maimaita, Lokotoro. Bawana kurma ne."

"Da kitse zan toshe."

"Da mi?"

Na ce, "Kitsenka ne mai rai, da jininsa da jijiyarsa. Ba na ƙodar tunkiyar jiya ba."

"Kitse dai."

"Ba ɗaya ba ne."

"Kun ɗauko ni tun daga Dakoro, kun kwance mini wuƙaƙe, kun sa ni cikin rijiya, don a gaya mini abin da nike yi kullum da safe."

Aka yi aikin, Allah ya sa aka dace. A hanyar dawowa bakinsa a ɗinke yake, ba ya iya doguwar magana. Duk da haka bai bar ni ba. In na fara gyangyaɗi sai ya zungure ni da gwiwar hannu, ya nuna kuncinsa, ya gyaɗa kai. Haka har tashar Dakoro.

Dokokin da aka ba shi su ne masu wuya. Ba hurawa. Ba fyace hanci. In atishawa ta zo ya buɗe baki ya sake ta. Shayi da cokali, ba kurɓa. Ko a alwala ya taɓa ruwa a hanci a hankali. Duk iskar da aka matsa a baki ko a hanci, ɗinkin take turawa, in ya ɓalle kuwa gyara na biyu ya fi na fari wuya, wataƙila ma ramin ya zauna ke nan. Sai ranar da Lokotoro Ramatu ta duba ta ba da izini. Layya kuwa ta faɗo a tsakiyar wannan jira.

Na san halinsa. Ana saukowa daga idi na bi shi da sabuwar rigata. Gidan farko na wani ɗan kasuwa ne, an riga an kafa itatuwan da za a gicciye raguna a kewaye wuta, yara da mata sun cika tsakar gida. Maigida ya yanka. Nomau ya durƙusa, ya tsaga ƙafa, ya zura sanda, ya zare. Na ga ya sunkuya. Na kama wuyan rigarsa.

"In ka hura, mun koma Maradi."

"Kaɗan zan yi."

"Ko kaɗan."

Maigidan ya ce maƙwabcinsa yana da famfo. Nomau ya kalle shi kamar ya zagi mahaifinsa. Aka yi cirko-cirko, rago yana sanyi. Sai Nomau ya ce ta gefen baki, "To wa za shi hura?" Ya kafe ni da ido. Kowa ya kafe ni da ido.

Na sha gaya masa aikinsa iska ne kawai, ko jariri yana yi. Na naɗe hannun riga na durƙusa. Wurin yana da ɗumi da santsi da gashi. Na ja numfashi na hura iya ƙarfina. Cinyar ragon ta ɗan motsa. Na ɗaga baki in ja wani, na manta ban matse ba, duk iskar ta dawo mini a fuska da warin da ban san sunansa ba. Yara suka fashe.

"Matse, bawa! Da yatsa! Daga ciki ake hurawa, ba daga kumatu ba. Kana hura wa jariri kunu ne?"

Na sake. Kunnuwana suka toshe, na fara ganin taurari da rana tsaka. Ragon ya kumbura daga ƙafa zuwa gwiwa, ya tsaya. Wata tsohuwa ta ce a kawo wa Lawali ruwa kafin a yi layya biyu.

Ina zaune a ƙasa ina haki sai na ga an shigo da famfon a ɓoye bayan riga. Nomau ma ya gani. Ya miƙe, ya juya baya, ya je ya tsaya gaban katanga ya harɗe hannu.

"Alhaji," ya ce wa maigidan, "wanga ƙadangare naka ne? Ban taɓa ganin mai jan kai haka ba."

A bayansa famfo yana fus, fus, fus. Maigidan ya je ya tsaya kusa da shi, suka yi ta duba ƙadangare, suna shawara ko namiji ne. Da ragon ya miƙe ƙafafu aka ɗaure, aka fitar da famfo ta ƙofar baya. Nomau ya juyo, ya bugi cikin ragon, ya dube ni ina zaune da gashi a leɓe.

"A'a! Ashe ka iya."

Haka muka yini. Kowane gida in durƙusa in hura sau ɗaya don fita kunya, shi ya sami abin kallo a bango, famfo ya bi mu ta lungu. A wani gida babu ƙadangare, sai da ya yaba wa mutumin yaɓen katanga. Fiɗa kuwa ya yi ta da hannunsa, ko fata ɗaya bai huda ba. Har yau akwai tsofaffin da suka ji labarin a baki suna gaya wa jikokinsu cewa ni ma ina da huhu.

Bayan salla da kwanaki Lokotoro Ramatu ta hau da shi kujera ta leƙa. Inda kitsen yake ya zama nama ja mai laushi, kamar dasashin da ba a taɓa taɓawa ba. Ta ba shi ruwa ya kurkure, ya sha, hanci a bushe. Ta ce ya ƙara haƙuri kaɗan. Da ya dawo ta sake dubawa ta ce to, amma ya fara da ɗan akuya, ƙarami, kuma a hankali.

Washegari ranar kasuwa ce. Na isa mayanka na tarar da ɗan akuyar da ya zaɓa: rago ne uda da wani makiyayi daga garin Rumbu ya kawo, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Mahauta duk sun bar aikinsu. Masu famfo sun jingine famfunansu. Ɗan Tani na can baya yana wasa wuƙar da ba ta buƙatar washi.

Na ce, "Ƙarami aka ce."

"A wurina ƙarami ne."

Ya durƙusa. Ya tsaga, ya zura sanda, ya zare. Ya daɗe yana riƙe da ƙafar bai sunkuya ba, na ga babban yatsansa yana shafa gashin wurin. Na durƙusa a gefensa na kawo fuskata kusa da tasa. Ya yi bisimilla ya sa baki.

Numfashin fari kaɗan ya saki, kamar mai taka gada yana jin ko za ta ɗauke shi. Ya matse, ya ja iska, ya sake. Cinya ta tashi. Ya ja wani, wannan karon daga ciki, kumatunsa suka cika, jijiyar wuyansa ta fito. Ni hancinsa na hagu kawai nake kallo. Iska ta bi ciki, ta bi haƙarƙari, ta haura wuya. Yana hurawa yana bugu da tafin hannu. Ragon ya buɗe ƙafafu huɗu ya miƙe su sama. Ya ɗaure, ya ɗaga kai, ya ɗaka wa cikin duka ɗaya, ya amsa kamar ganga. Mayanka ta ɗauki ihu.

Bai kalli kowa ba sai ni. Yana haki, idonsa ya yi ja.

"Ka ji wani abu ya fita?"

"Ban ji ba."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba."

Ya goge baki da bayan hannu, ya zaro wuƙa.

"To matsa, kana tare mini haske. Riƙe nan."

Na riƙe masa ƙafar.